Garin da ya haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo na bukatar magada

A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Amma a yau ɗan talaka da ke karatu a Kwalejin Alhudahuda, mai burin zama ɗan jarida, na iya maƙalewa tun a kuɗin fom ɗin JAMB, alhali sashen koyar da aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa a Samaru. Lamunin NELFUND kuwa sai wanda ya riga ya samu gurbin karatu yake amfana da shi.

Ya kamata gwamnatin Jihar Kaduna, Masarautar Zazzau da attajiran birni su ware tallafi tun daga aji biyar na sakandare, musamman ga 'yan matan cikin ganuwa.