Taurarin Ƙetare: Pete Postlethwaite, Ɗan Wasan Da Bai Da Fuskar Jarumi

A wannan watan za mu leƙa Ingila ne, amma ba Landan ba. Arewacin ƙasar za mu nufa, garin Warrington da ke tsakanin Liverpool da Manchester, inda aka haifi Pete Postlethwaite a 1946.

Sunan dai akwai wuyar faɗa, na sani. Amma in ka kalli fim ɗin 'The Lost World: Jurassic Park' na 1997, to ka san shi. Shi ne maharbin nan mai sanƙo, Roland Tembo. Fuskarsa duk ƙashi, ba irin wadda furodusa zai manna a fosta don 'yan mata su yi rububin saye ba. To, ya aka yi Hollywood ta neme shi?

Malamin makaranta ne da farko, yana koyar da dirama a Manchester. Daga baya ya ajiye alli ya shiga makarantar koyon wasa ta Bristol Old Vic. A shekarun 1970 ya faɗa gidan wasan daɓe na Everyman a Liverpool, tare da irin su Julie Walters da Bill Nighy, lokacin babu wanda ya san su. Wasan daɓe kuwa ba wasa ba ne. Babu "kat", babu "a sake". In ka manta maganarka, a gaban jama'a za ka sha kunya. Kusan shekara 20 ya yi a wannan hali, daga wannan dandamali zuwa wancan, har da ƙungiyar Royal Shakespeare Company.

Sai a 1993 tauraruwarsa ta haska, yana da shekara 47. A fim ɗin 'In the Name of the Father' ya fito a matsayin Giuseppe Conlon, dattijon da aka ɗaure tare da ɗansa kan zargin ƙarya na hannu a harin bam, har ya rasu a kurkuku. Labarin gaskiya ne. Daniel Day-Lewis ne ɗan, kuma shekara 11 kacal Pete ya ba shi, amma wallahi in ka kalla ba za ka yi musun uba da ɗa ba ne. Wannan rol ya sa aka saka sunansa a takarar Oscar, ko da yake Tommy Lee Jones ne ya ɗauka.

Daga nan ƙofa ta buɗe: lauya Kobayashi a 'The Usual Suspects' (1995), shugaban makaɗan masu haƙar kwal a 'Brassed Off' (1996), sai 'Amistad' (1997). Darakta Steven Spielberg da kansa ya ce babu ɗan wasan da ya kai shi a duniya.

Abin da ya fi burge ni, ɗaukaka ba ta sa ya kwashe kayansa ya koma Amurka ba. A karkarar Shropshire ya zauna da iyalinsa. A 2008 kuma ya koma Everyman, inda ya faro, ya fito a 'King Lear' na Shakespeare. Ciwon daji na cin sa ya yi 'Inception' da 'The Town' a 2010, ya mutu ranar 2 ga Janairu, 2011, yana da shekara 64.

Don haka ƙanina mai son shiga fim, kai da ke duba madubi kana cewa ba ka da kyan jarumai: Pete ma bai da shi. Kai kuma mai taƙama da kyau, ka tambayi kanka, ranar da furfura ta fito, wane rol za a kira ka ka hau? Nemi ƙungiyar dirama, ka koyi sana'ar tun daga tushe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.