ZANCEN GIDA: Memori Mai Giga Nawa Za Mu Saya?



Kwanan baya wani magidanci daga wajen Faskari ya tare mu bayan an tashi makaranta. Ya sayi rediyo irin mai cin memori, ɗansa kuma yana da waya. Ya ce, "Malam, mai kanti ya jera mini kati huɗu, wai 8, 16, 32 da 64. Yaro ya ce in ɗauki babba, aljihu ya ce in ɗauki ƙarami. Wanne ne daidai?" Tun da ya ke tambayar ta shafi gidaje da yawa, muka ga ya kamata mu amsa ta a nan.

Memori rumbu ne. Manomi ba ya gina rumbu sai ya dubi gonarsa, ya ƙiyasta damin da za ta ba shi. In ya gina ƙarami, hatsi ya kwana a waje. In ya gina wanda ya fi ƙarfin gonar, ya ɓatar da kuɗin taki. Haka nan kati. Mudunsa shi ne mega, buhunsa kuwa giga, wajen mega 1,000 ke yin giga ɗaya.

A Amurka da Ingila mutane suna sayen 'yar na'ura su maƙala wa talabijin, fim yana zuwa musu kai tsaye ta intanet. Waɗansu irin na'urorin nan, kamar Fire TV Stick, giga 8 kaɗai ke cikinsu, yakan kuwa ishi mai ita, gama ba ya ajiye fim, kallo ya ke yi ya wuce. Wannan kamar mai famfo ne a tsakar gida. Mu kuwa masu randa ne. Data tana da tsada, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Wata da watanni waya ba ta kira, ba ta karɓa. Abin da ke cikin kati shi kaɗai mutum ya mallaka. Saboda haka shawarar Bature a kan girman rumbu ba tamu ba ce.

To, bari mu yi lissafi kamar a aji. Murya ba ta cin wuri: minti ɗaya na waƙa ko jawabi yakan ci wajen mega ɗaya. Giga ɗaya ke nan yana ɗaukar abin ji na wajen awa 17, wato kaset 11 irin na minti 90 da muka sani a da. Hoton waya yakan ci mega 2 zuwa 4. Fim shi ne mai babban ciki: na awa biyu da aka matse domin waya yakan ci rabin giga zuwa giga ɗaya, mai hoto tangaran kuwa ya ninka haka.

A ce gida yana son abin ji na awa 100, giga 6 ke nan. Fim 10, a ce giga 7. Hoto 1,000, giga 3. Littattafan yara da tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB, a ba su giga ɗaya, da ƙyar su cinye shi. Jimla 17. Ashe kati mai 16 ya kasa, balle ma ba ya cika 16 ɗin. In aka sa shi a na'ura sai a ga bai kai 15 ba, mai 32 kuma bai kai 30 ba. Wannan ba zamba ba ce, mudun kamfani ne ya bambanta da na na'ura.

Ga abin da muka gaya wa baƙonmu. Domin rediyo kaɗai, 8 ya isa har da saura. Domin wayar da iyali ke kallo da ɗaukar hoto da ita, 32 ne daidai. Kada ya sayi 64 sai ya gwada shi a cikin na'urarsa a gaban mai kanti, gama kati daga 64 zuwa sama tsarinsa dabam ne, ana rubuta SDXC a jikinsa, rediyo da sifika da yawa kuwa iyakarsu 32.

Saura maganar jabu, a nan kuwa mu ma mun sha. Wata shekara muka sayi kati a kasuwa, an rubuta 64, kuɗinsa bai kai na 16 ba. Muka yi ta murna. Muka zuba masa hotunan bikin ƙanwarmu da muryar tsohuwarmu tana yi wa jikoki tatsuniya, sa'an nan muka goge na cikin waya domin a sami wuri. Ranar da muka zo buɗewa, ga sunaye a jere, amma yawancinsu ba abin da ke ciki. Ashe ƙaramin kati ne aka yi wa ƙaryar girma. Tsohuwa ta rasu bayan haka. Kuɗin kati mun manta da shi, muryar nan kuwa har yau tana yi mana ciwo. Lalle araha ba ta ado.

Saboda haka, in kun sayi sabon kati, ku cika shi har wuya da abin da ba ku jin asararsa, sa'an nan ku buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duka sun yi, kati na gaske ne. Abin da ba a iya sāke shi, kamar hoton aure da takardar shaidar makaranta, ku ajiye shi wuri biyu. Gwamma kati biyu masu 16, kowanne da kwafinsa, da ɗaya mai 64 wanda in ya lalace ya tafi da kome.

Abu na ƙarshe ya fi duka. Rumbun da ya yi girma, wani zai cika shi. In aka aiki yaro wurin masu turi da kati mai sarari, zai komo da shi cike, ba kuwa uba ne ya zaɓi abin da ke ciki ba. A aji muna gane waɗanda suka kwana kallo, idanunsu ke tona su. Maigida da uwargida su san abin da ke cikin katin gidansu kamar yadda suka san abin da ke cikin rumbunsu. A zauna tare da yara a zaɓa, a goge wanda aka gama da shi.

Baƙonmu ya sayi 8 domin rediyo, 32 domin waya, ya ce canjin ya isa kuɗin littafin lissafi.

Sai wata mai zuwa. Ku huta lafiya.