Koken Matasan Gwadangaji Kan Wasan Zari-Ruga

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni na Jihar Kebbi,
Birnin Kebbi.



Ranka ya daɗe, mu ne matasan Gwadangaji da ke haɗuwa bayan La'asar muna wasan zari-ruga, irin wanda ake yi da mutum 13 a kowane gefe, wanda duniya ta sani da sunan Rugby League. Cikinmu akwai ɗalibai, akwai masu noman shinkafa a fadama, akwai 'yan kabu-kabu da masu koyon walda da kanikanci. Mun yi abin da za mu iya da kanmu har ƙarfinmu ya ƙare, abin da ya rage sai da hannun hukuma.

Muna roƙon a ba mu dama mu faɗi asalin wasan, domin a cikin asalin nan kokenmu yake. A ƙarshen ƙarni na 19, zari-ruga a Ingila tana hannun masu hali na kudancin ƙasar, waɗanda suka ɗauki karɓar kuɗi don wasa a matsayin abin kunya. A arewacin ƙasar kuwa, masu wasan leburori ne na ramin kwal da masaƙu, kuma Asabar ranar aiki ce gare su. Duk wanda ya bar aiki ya je fili, an yanke masa ladan ranar. In ya karye, gidansa ya kwana da yunwa. Ƙungiyoyinsu suka nemi izinin biyan ɗan wasa abin da ya rasa, aka hana. A ranar 29 ga Agusta 1895 suka zauna a wani otal a garin Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22 suka buɗe sabuwar gasa, aka yarda a biya mutum har sule shida a madadin yininsa. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 don wasan ya ƙara sauri. Ɗaya ɓangaren bai yarda da biyan 'yan wasa a fili ba sai 1995, shekara ɗari cif bayan rabuwar. Wato tun ranar da aka haife shi, wannan wasa na masu cin guminsu ne, kuma abin da ya raya shi tsari ne da ya san talaka ba ya iya ba da yininsa kyauta.

Najeriya ta shigo a makare, amma da ƙarfinta. An kafa hukumar wasan ta ƙasa, Nigeria Rugby League Association, a 2018. Cikin waɗanda suka tsaya a kai akwai Ade Adebisi, wanda ya yi wasan a matakin ƙwararru a Ingila alhali yana fama da cutar sikila. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a gidansu ya san nauyin wannan magana. A 2019 aka yi gasar Afirka da Gabas ta Tsakiya a filin Teslim Balogun da ke Legas, Najeriya ta doke Maroko a wasan ƙarshe ta ɗauki kofi. A 2022 aka sake yi a Accra, ta doke Ghana a gidanta ta riƙe kofin. Tun kafin wannan ma, Martin Offiah, ɗan iyaye 'yan Najeriya da aka haifa a Landan, ya dangwala ƙwallo bayan layi fiye da sau 500, kuma yana cikin waɗanda aka yi wa mutum-mutumi a filin Wembley. Da aka fara gasar cikin gida a 2019, Arewa ba ta zauna kallo ba: an kafa ƙungiyoyi a Kano da Zariya da Jos, irin su Kano Lions da Zazzau Bulls.

A nan ne abin yake mana ciwo. Daga Birnin Kebbi zuwa Kano ko Zariya tafiyar yini ce a mota, ta hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Ba mu da kuɗin motar mutum ashirin, ba mu kuma da takardar da za mu nuna mu ce ga ƙungiyar jiha da ta turo mu. Hukumar ƙasa da ƙungiyoyi take hulɗa, masu shugabanni da rajistar 'yan wasa da wanda za a kama idan an yi ba daidai ba. Mu kuwa taron samari ne kawai masu ƙwallo ɗaya. Babban kokenmu ke nan: muna neman ma'aikata ta jagoranci kafa ƙungiyar zari-ruga ta Jihar Kebbi, ta ba ta jami'i guda da zai riƙe mata takardu kamar sauran wasanni, sannan ta rubuta wa hukumar ƙasa a hukumance. Wannan bai ci kuɗi ba. Takarda ce da sa hannu, amma idan babu ita duk sauran abin da za mu roƙa ba shi da inda zai tsaya.

Sai batun rauni, kuma a nan ba za mu ɓoye komai ba. Wasa ne na haɗa jiki. Mai ƙwallo yana gudu, abokan hamayya suna kama shi su kayar. Ƙungiya tana da kamu shida ta kai ƙwallo bayan layi, in ta kasa ta miƙa wa ɗaya gefen. Bayan kowane kamu masu tsaro sai sun ja da baya mita 10, shi ya sa karon yake da ƙarfi. Akwai doka: ba a kama mutum a wuya ko a kai, ba a ɗaga shi a soka kansa ƙasa. Amma doka sai da alƙalin da ya san ta, kamu kuma sai da kocin da zai koya wa yaro inda zai sa kansa da kafaɗarsa. Mu a waya muke koyo, muna kallon wasannin Ostareliya da Ingila muna kwaikwayo. Filin da muke ara ƙasa ce tsandauri mai tsakuwa, da rani ta bushe ƙam, ga ƙaya. An sha gurje gwiwa, an goce kafaɗa, kuma babu ɗaya cikinmu da ya san abin da ake yi wa wanda ya bugu a ka ya tashi yana jiri. Iyayenmu da ke hana ƙannenmu zuwa suna da gaskiyarsu, ba mu ga laifinsu ba. Muna roƙon a gayyato masu horarwa daga hukumar ƙasa su yi kwas na 'yan kwanaki a Birnin Kebbi, a sa malaman motsa jiki na makarantun sakandare a ciki, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Malami ɗaya da aka horar zai koyar da yara shekara da shekaru bayan mu mun daina.

Fili ba sabon gini muke nema ba. Filin zari-ruga mita 100 ne a tsawo, 68 a faɗi, kusan daidai da na ƙwallon ƙafa. Turaku ne kawai suka bambanta. Idan aka ware mana yamma ɗaya ko biyu a mako a filin wasa na Haliru Abdu, ya wadatar da mu a yanzu.

Mun san za a ce wasan baƙo ne, ga ƙwallon ƙafa ga kokawa, me ya kai mu? Ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Papua New Guinea ƙasa ce ta manoma da masunta, mai harsuna ɗaruruwa, ta karɓi wannan wasa daga maƙwabciyarta Ostareliya har ya zama wasan ƙasa. Mu kuwa abin da ya fi wuyar koyarwa a wasan, wato shiga ƙarƙashin mutum ka kama ƙugunsa ka raba shi da ƙasa, yaronmu ya iya shi tun yana kokawa a dandali bayan girbi. Daga Argungu zuwa Kamba, daga Zuru zuwa Yawuri, ba a rasa 'yan kokawa ba, kuma maƙwabtanmu na Dosso suna cikin masu ɗaukar takobin kokawar Nijar. Akwai kuma samarin da ƙwallon ƙafa ba ta da gurbinsu, masu ƙiba da faɗin ƙirji, waɗanda ake bari a bakin fili suna kallo. A zari-ruga su ne 'yan gaba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, ya saba haɗa kokawa da dambe da wasannin ruwa. Muna fatan ma'aikata ta nemo mana izinin masarauta a ba mu rabin sa'a mu nuna wasan a gaban jama'a.

Koke na ƙarshe shi ne wanda ya raba Turawan nan a 1895. Ɗan kabu-kabu da ya ajiye babur ya tafi wasa Argungu ya rasa cinikin yini, kuma mai babur yana jiran balas da dare. Mai ban-ruwan shinkafa ba ya barin injinsa a tsakiyar noman rani. Ba albashi muke nema ba. Muna roƙon idan an tsara gasa, a sa kuɗin mota da abinci da ɗan abin da zai maye yinin mutum, a kuma duba lokaci: a guji zafin Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, a guji watan azumi da lokacin yankan shinkafa. A fara da ƙungiyoyi huɗu ma ya isa, na kusa da juna, kamar Gwadangaji da Birnin Kebbi da Kalgo da Argungu, waɗanda za a je a dawo a yini ɗaya. Rabon riguna a ɗauki hoto a watse ba zai kai mu ko'ina ba. Abin da ke raya ƙungiya shi ne ta san ranar wasanta na gaba.

A shirye muke mu kawo sunayenmu da shekarunmu da takardar amincewar iyayen ƙananan cikinmu duk ranar da aka kira mu, kuma muna gayyatar duk jami'in da za a turo ya zo Gwadangaji bayan La'asar ya ga filin da idonsa.

Allah ya ƙara wa mai girma Kwamishina lafiya, ya yi masa jagora.

Wassalam.

A madadin matasa masu wasan zari-ruga,
Gwadangaji, Birnin Kebbi.