Hanta Ba Ta Kuka, Mu Ɗaga Murya a Madadinta

Jama'a, mu daina yi wa tumbi kirari! Mutum ya ajiye teɓa, sai mu ce hutu ya zauna masa. Amarya ta kusa tarewa, sai a nemo mata sha-ka-fashe a kemis don ta cika ido. Alhali kitsen nan ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake tsayawa ba, har cikin hanta yake shiga ya tare. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku na baligan duniya na ɗauke da kitse a hanta, ba kuma giya ce ta jawo musu ba. Abokan tafiyarsa su ne ciwon suga da hawan jini.

Hanta kuwa akwai haƙuri. Sai ta yi shekaru tana lalacewa mai ita bai ji komai ba. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ranar ake fara zagayen masu maganin shawara, wasu ma su ce sammu ne.

Mu a Nijeriya kaya ne kan kaya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 na da ciwon hanta nau'in B. Ga gubar funfuna a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. A kan wannan hantar muke tuttula suga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 na suga a rana, wato ƙaramin cokali 12. Robar lemo guda mai rabin lita kan cinye wannan kason kaf, kafin a je teburin mai shayi, kafin zoɓon da aka zuba wa suga da ludayi.

Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Naira goma! Yau ko ruwan leda ba ta saye. Hukumar nan ta duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga tasirinsa. Birtaniya ta yi dabara a 2018: gwargwadon sugarka, gwargwadon harajinka. Tun kafin dokar ta fara aiki, kamfanoni da dama suka rage sugan da kansu.

Za a ce idan aka ɗaga harajin, talaka ne zai ji jiki. To wa ke sayar da gona idan ciwon suga ya kai shi ga wankin ƙoda?

Don haka ku tari 'yan majalisarku, ku ce a ɗaga harajin, a kuma killace kuɗin don gwajin suga, hawan jini da hanta a asibitin sha-ka-tafi na kowace mazaɓa. Malamai, minbari naku ne, ku yi huɗuba a kan almubazzarancin ciki. Shugabannin makarantu, ku kori lemon kwalba daga harabarku. Magidanta, duk jaririn da aka haifa, ko a gida ne, ku kai shi a yi masa rigakafin ciwon hanta cikin awa 24, kyauta ne a asibitin gwamnati. Ku ma ku miƙa hannu a ɗebi jininku a gwada kafin ku fito.