Shawara Ga Iyali: Ya Sami Jami'a, Amma Ina Zai Kwana?

Kowace shekara 'ya'yanmu da yawa sukan gama Kwalejin Horar da Malamai ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, su sami takardar NCE ko difloma, sa'an nan su nemi ƙarin ilimi a jami'a. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana da hanyar shiga kai tsaye domin irinsu, watau ɗalibi ya soma daga aji biyu maimakon aji ɗaya. Akwai kuma masu sauya sheƙa daga wata jami'a zuwa wata saboda rashin lafiya, ko tashin hankali, ko ƙaurar iyaye. Idan sunan yaro ya fito mukan yi murna, mu shiga fafutukar kuɗin makaranta. Amma sau da yawa sai ana gobe tafiya mukan tuna da babbar tambaya: ina zai sa haƙarƙarinsa?

Da yawa cikinmu mun ji labarin zamanin da jami'a take ba ɗalibi ɗaki, ta kuma ciyad da shi. A 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abinci na yini, ɗalibai suka yi zanga-zanga har aka yi hasarar rayuka a Legas da Zariya. Wannan zamani ya wuce. Yau ɗalibai sun fi gadaje yawa ƙwarai, kowa kuma shi ke ciyad da kansa. Saboda haka bari mu dubi hanyoyi uku da suke gabanmu.

Ta fari ita ce ɗakunan kwana na cikin jami'a. Su ne mafi arha, suna kusa da aji da ɗakin karatu da asibitin makaranta, akwai kuma masu gadi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, akwai gidajen kwana irin su Amina, da Ribadu, da Suleiman, da Ɗanfodiyo. Amma ga inda gizo ke saƙa. Jami'o'i da yawa sukan fara ba sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe gado, 'yan tsakiya su samu in ya ragu. Mai shiga kai tsaye kuwa sabo ne, amma ɗan aji biyu ne. To, wane layi zai bi? Wajibi ne ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai tun ranar fari ya tambaya, ya kuma san ranar da za a buɗe neman gado ta intanet, gama gadajen ba su daɗewa suke ƙarewa. Kada ya sayi gado daga hannun wani ɗalibi, kada kuma ya raɓe a ɗakin aboki ba da izini ba. Dokar jami'a ta hana wannan, in an kama su dukansu biyu za su sha hukunci.

Ta biyu ita ce haya a cikin gari. A nan ɗalibi yakan sami sarari da natsuwa, ya dafa abin da yake so. Amma kafin mu biya ko sisi, sai mu san inda sashen karatunsa yake. A Zariya, masu karatun shari'a da na harkokin mulki suna Kongo ne, ba Samaru ba, asibitin koyarwa kuma yana Shika. A Kano, Jami'ar Bayero tana da tsohon mazauni da sabon mazauni a kan hanyar Gwarzo. A Jos ma akwai Naraguta, akwai hanyar Bauchi. Wanda ya kama ɗaki mai arha nesa da ajinsa, kuɗin mota zai cinye rangwamen, ya kuma riƙa makara. Arha ba ta ado.

Sai uba, ko kawu, ko wani babba ya je ya ga ɗakin da idonsa. Akwai ruwa? Rijiya ce ko famfo, tana kuma kaiwa bazara? Mutum nawa ne suke tarayya a makewayi ɗaya? Yaya ake raba kuɗin wuta? Ƙofar tana da ƙarfi? A nemi ganin mai gidan kansa, ba dillali kaɗai ba, gama an sha karɓar kuɗin ɗaki ɗaya daga hannun mutum biyu. A karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. A kuma tuna haya ba ta san yajin aiki ba. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas ba su shiga aji ba, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna gida, kwanakin haya kuwa suna ta tafiya. Yana da kyau a yi wannan magana da mai gida tun ran gini, ran zane.

Batun tsaro kuwa ya fi na kuɗi nauyi. A watan Oktoba 1 ga wata da dare, 2012, 'yan bindiga sun kashe ɗalibai da dama a unguwar da suke haya a Mubi. A Satumba 2023 an sace ɗalibai, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ba mu faɗi wannan domin mu tsorata kowa ba, sai domin mu yi lura. Gidan da yake bakin daji, ko can ƙarshen gari inda ba maƙwabta, a bar shi ko da kyauta ne. A tambayi tsofaffin ɗalibai da dattawan ikkilisiyar wurin, su suka san unguwar da takan zauna lafiya sa'ad da gari ya rikice. Ƙungiyar Ɗalibai Masu Bi, watau FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957, tana da rassa a makarantu da yawa na Arewa, 'yan cikinta kuma sukan taimaki baƙo ya gane gari.

Ta uku ita ce zama wurin dangi ko abokan arziki. Wannan yakan sa hankalin uwa ya kwanta, musamman a kan 'ya mace. Amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Baƙon mako ɗaya daban, na shekara uku daban. Sai iyaye su je da kansu su roƙa, a faɗi gaskiya a kan abinci, da aikin gida, da lokacin rufe ƙofa. Mu riƙa aika hatsi ko ɗan kuɗin cefane, kada mu jibga wa mutane kaya. Masu masauki kuma su tuna karatu ya kawo yarinyar, ba reno da wanke-wanke ba.

Wanne za a zaɓa? Shawararmu ita ce, in gado ya samu a cikin jami'a, a karɓa a shekarar fari ko da ɗakin ya cika. Mai shiga aji biyu yakan tarar 'yan ajinsa sun riga sun san juna, sun san malamai. Zama a ciki zai sa ya cim musu da sauri. In ya san gari, ya kuma san halin mutane, sai ya zaɓi abokin haya da kansa, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Tun 2024 gwamnatin tarayya ta soma ba ɗaliban makarantunta rancen karatu ta asusun NELFUND. Wanda zai nema ya nema, amma ya sani bashi ne, ba kyauta ba, kada kuma iyali su jingina kuɗin haya a kansa tun bai zo hannu ba.

Iyaye, ranar da takardar shiga ta fito, a ranar za mu soma maganar masauki. Mu zauna da yaron, mu lissafta haya da abinci da mota na shekara guda a takarda, sa'an nan mu yanke shawara tare da shi.