Abincin Asiya Ya Iso Teburin Mai Shayi

A hutun da ya wuce na shiga Kano daga Gaya domin neman wata takarda ta aiki. Mun bi ta Wudil tun da sassafe, amma har rana ta take ban gama ba. A matakalar wani dogon gini na yi kiciɓis da wani yaro da na koyar a aji biyar, yanzu kuwa akawu ne a can. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Malam, ai ba ka koma da yunwa ba." Na zaci gida za mu. Sai na ga mun gangara ƙasan ginin.

Wurin kamar rumfunan kasuwa yake, sai dai da daɓen siminti da fanka. Masu abinci suna jere a gefe, tebura a tsakiya na kowa da kowa. Ka saya inda ka ga dama, ka zauna inda ka sami kujera. Ya sayo mana soyayyiyar taliya irin ta mutanen Sin, da kabeji da karas da 'yan yankan kaza, da wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken suya. Aka haɗo mana da tsinkaye biyu na ci. Na juya su, na sake juyawa, na ce a taimake ni da cokali mai yatsu. Abincin da daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin. Addu'a ma a zuci muka yi ta. Kafin in gama tambayar lafiyar mahaifiyarsa ya share farantinsa, ya dubi agogo ya ce, "Malam, a gafarce ni, rabin awa aka ba mu."

A mota na riƙa ce wa kaina wannan zaman birni ne, bai shafe mu ba. Da na sauka a tashar Gaya, sai ga teburin mai shayi a gabana. Kwalayen Indomie a jere, kasko a kan wuta, yaro yana fasa ƙwai. Ma'aikata da 'yan acaɓa da ɗalibai suna ci, waɗansu a tsaye. Haka na sha gani a Ajingi da rana, in ma'aikata sun fito. Ashe abincin Asiya ya riga ni isowa gida, ni ne ban lura ba.

Wannan taliya ta leda tana da asali. Wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya ƙago ta a ƙasar Japan a 1958, bayan ya ga irin yunwar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Indomie kuwa ta ƙasar Indonesiya ce, an fara yin ta a 1972. A 1988 aka soma shigo da ita Nijeriya, daga baya aka gina mata ma'aikata a Ota cikin Jihar Ogun. Yau sunanta ya zama sunan dukan irinta, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo.

Me ya sa take nuna cikin minti uku? Domin an riga an dafa ta. Ana kwaɓa garin alkama, a yanka shi silili, a turara, sa'an nan a tsoma cikin tafasasshen mai. Mai yakan kori ruwan da ke ciki, ya bar 'yan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwan zafi yake shiga nan da nan. Watau in uwargida ta ɗora ta a wuta, jiƙa ta kawai take yi. Dabara ce mai kyau, wanda ya yi ta ya isa a yaba masa. Mu ma taliya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin 'yar murji, su shanya, a ci da mai da yaji. Bambancin shi ne waccan tana cin yini guda, wannan kuwa ko yaro ɗan shekara goma ya iya.

Inda nake so mu tsaya, iyaye, shi ne nan. Abin da ke cikin ledar gari ne da mai, sai ƙullin ɗanɗano wanda gishiri ne kan gaba a cikinsa. Ƙaramar leda giram 70 ce. Tana toshe yunwa, amma ba ta ɗauke da abin gina jiki kamar wake ko gyaɗa ko nono. Ni malamin aji ne, na kuwa san bambanci. Yaron da ya karya da kunu da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, yakan kai tashi da kuzarinsa. Wanda ya ci taliya gayarta, wajen ƙarfe sha ɗaya zai fara hamma yana dafe ciki. Laifin ba na taliya ba ne. An yi ta domin ranar da babu hali, mu ne muke neman mu mai da ita tuwo.

Maganar gishiri ma ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, yara kuwa ƙasa da haka. Na ga mai shayi ya juye ƙulli biyu, ya ƙara dunƙule a kai. Wanda likita ya ce masa yana da hawan jini, sai ya san abin da yake sa wa cikinsa.

Ga kuma aljihu. Ko da yake ana noman alkama da rani a wajen Kadawa da Kura, yawancin wadda masana'antu suke amfani da ita daga waje ake sayo ta. Shi ya sa da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin leda ya yi tsalle. Maigida mai 'ya'ya biyar ya yi lissafi da kansa: leda nawa za ta ƙosar da su sau ɗaya, kuɗin nan kuma wake nawa zai auno a kasuwar Gaya? Na yi nawa lissafin, ban ji daɗin amsar ba.

Ban ce a hana yara ba, gama abin da aka hana shi ne yake ƙara zaƙi. Abin da na koya a ginin nan na Kano shi ne, mutanen Asiya da kansu ba gayarta suke ci ba. Rabin farantina ganye ne da nama. To, mu da zogale yake a bayan ɗaki, me ya hana? A gidana yanzu ranar Asabar ce ranarta. Uwargida takan sa rabin ƙullin kaɗai, ta yanka albasa da tumatir, ta zuba dafaffen zogale, ta fasa ƙwai biyu, wani lokaci har da ragowar wake. Leda uku sai ta ishi mutum shida. A tire ɗaya ake juyewa, mu zauna a tabarma, babu mai tashi da nasa.

Da farko autarmu ta riƙa tsince ganyen tana ajiyewa a gefe. Yayanta yakan kwashe ya cinye, yanzu ta daina bar masa.

Yaron nan na Kano ya aiko mini da saƙo zai zo ganin gida lokacin Kirsimati. Ya roƙa a gaya wa Mama ta yi masa ɗanwake da man gyaɗa. Na ce a gaya masa za a yi, amma ya ajiye agogonsa a mota.