Kwangilar Makarantu: Ina Rabon Mata Da Ƙananan Masu Sana'a?

Kowace shekara Gwamnati takan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen kayan makarantu, watau benci da tebur, da tufafin yara, da sabulu, da abincin makarantun kwana. Kuɗin nan na jama'a ne. Amma in mutum ya bi ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo yana tambaya wa ya yi bencin nan, wa ya kawo shinkafar nan, galibi sai a ce masa wani babban ɗan kwangila ne daga birni. Kayan sun zo cikin mota, kuɗin kuwa sun koma cikin motar. A ganina lokaci ya yi da za a keɓe wa mata da ƙananan masu sana'a na ƙasar rabonsu.

Ba rashin sana'a ya hana su ba. Fadamar Rima ta shahara da shinkafa da albasa da tafarnuwa, balle tun da aka gama madatsar ruwan Goronyo a 1984. Matan gari su ke turara shinkafar su sussuka ta, su ke yin man gyaɗa da daddawa. Matan ruga ke da nono, Buzaye ke da aikin fata da tabarma, kuma a kasuwanni akwai kafintoci da teloli, cikinsu har da naƙasassu waɗanda suka ƙi bara. Dukansu suna sayar wa talaka kullum. Gwamnati kaɗai ce ba ta san ƙofarsu ba.

Maganar ta ƙara nauyi saboda halin da ƙasar ta shiga. Harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni, cikin gundumar Gandi ta Rabah, a 2018, da wanda suka kai kasuwar Goronyo a 2021, sun bar mata da yawa ba maza, ga marayu a hannunsu. Malaman makaranta sun sani, yarinyar da uwarta ba ta da abin yi ita ce ake fara cirewa daga aji a ɗora mata talla. Buhun agaji yakan ƙare cikin wata guda, amma cinikin da ke dawowa kowane zangon karatu yakan riƙe gida.

To, me ya tare hanya? Da fari, takardu: rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da lamunin banki. Na biyu, akan buga sanarwa da Turanci inda mutanen ƙauye ba su gani. Na uku, akan haɗa aikin makarantu da yawa wuri guda, har ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Na huɗu shi ne jinkirin biya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Attajiri yana iya jiran wata shida, amma wadda jarinta buhu biyu ne, jiran ya karya ta.

Abin da nake nema ba baƙo ba ne. A Amurka, tun 1994 aka sa burin ba kamfanonin mata kashi 5 cikin 100 na kwangilar Gwamnati. A Kenya, a 2013 aka keɓe kashi 30 domin mata da matasa da naƙasassu. A ƙasarmu, umurnin da Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a 2017 ya ce kashi 40 na kuɗin sayen abubuwa kamar tufafi da abinci da kujeru ya tafi ga kayan da masana'antu na gida suka yi. Shirin ciyad da 'yan makaranta da aka fara a 2016, aka dakatar a farkon 2024, ya nuna cewa macen ƙauye tana iya buɗe asusun banki ta ciyad da aji a kan ƙa'ida.

Wasu za su ce aikin ƙananan ba shi da inganci. Amsa ita ce a ba da samfur, a gwada kaya kafin a karɓa, wanda ya saɓa a mayar masa. Sa'an nan kafintan da ɗansa ke zaune bisa bencin, yana kuma haɗuwa da hedimasta a kasuwa, ya fi jin kunyar ha'inci bisa ga wanda ba a san gidansa ba. Wasu kuma za su ce Dokar Kwangila ta 2007 ta hana yanyanka aiki. Gaskiya ne ta hana yanyankawa a ɓoye don a guje wa takara, amma kasa aiki kashi-kashi a fili, kowa ya nema, wannan dabam ne. Haɗarin da ya fi girma shi ne babban mutum ya sa sunan matarsa a takarda ya kwashe rabon. Maganinsa shi ne a je a ga mai sana'ar a wurin aikinta, a biya cikin asusunta.

A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka nauyi yana wuyanku, akawuna da malamai. Ku rubuta sanarwa da Hausa, ku manna ta a ƙofar makaranta da ta hakimi, a yi shela ran kasuwa. Ku kasa aiki makaranta-makaranta. Ku taimaki mata su haɗu cikin jam'iyyar gama kai su yi rajista guda, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku biya da wuri, gama dokar 2007 ma ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri. A ƙarshen shekara majalisa ta karanta wa jama'a kwangila nawa aka bayar, nawa suka je hannun mata.

Akawun da ya rubuta sanarwa shi ne mai tsaron ƙofa, ya buɗe ko ya rufe. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar jama'a, amin.